Yadda Muka Yi wa Injin Madam Ƙarya

Kwanan baya ina zaune a ƙofar shagona a Zongo, wani saurayi mai gyaran salula ya tsaya da mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin nan, ko kashe shi bai yi ba, ya miƙo mini wayarsa. Hoto ne mai motsi. Wani nasara a ɗaki mai sanyi ya ɗauko tsohuwar kwamfuta, ya soka mata igiya, ya danna wani abu, sai ga ta a intanet. Ya ce, "Tonton Isufu, ashe ɗan abin nan ne ka yi wa tsohuwar nan? Mu muna jin labari kamar ka tayar da matacce." Ya yi dariya, ya ja mobilet, ya bar mini hayaƙi.

Don shi nake wannan rubutu, da sauran 'yan'uwansa masu rumfuna daga nan har bakin Rood Woko, babbar kasuwarmu. Na san ya fi allon salula tsawo, don haka ba kowa zai kai ƙarshe ba. Wanda ya gaji ya ba na kusa da shi.

Aikin farko da na yi wa injin nan, wato kwamfutar tsohuwar da yake magana, kyankyaso ne ya mutu a cikin akwatin wutarsa. Ita tsohuwar, Madam Salamatu, ta ɗaure injin a bayan mobilet da tsohon zane ta kawo mini. Ita ta koya mini karatu a lakwal, makarantar boko, kuma har yau da furfura a kaina in ta kira sunana sai na gyara tsayuwa. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ya zo da injin daga Faransa lokacin da ya je sitaj, wato ƙaro ilimi, can a shekarun tamanin. Ba shi da allo nasa, sai a haɗa shi da tele. Madannansa manya ne masu ƙara, jikinsa launin madarar da ta kwana, gefe guda ga wurin sa disket, faifan ajiya na da, a baya ga wani rami na haɗa shi da rediyo mai kaset. Ta ja kujera ta zauna a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Na ɗauki turnabis zan kwance ƙusoshinsa, ta ce, "Isufu, ka wanke hannunka?" Na tashi na wanke. Tun daga ranar ni ne likitan injin.

Ni ban faɗo cikin sana'ar nan daga sama ba. Na yi lise, sakandaren fasaha, na fito da takarda mai tambari, na tafi wurin wani Bakonne mai gyaran rediyo a unguwar Ouidi, Maigida Hamidu, ina jin ni zan koya masa. Ya duba takardar, ya yaba kyawun tambarin, ya miƙo mini kwandon matattun rediyoyi ya ce in cire musu dalma, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na ƙona ko ɗaya ba. Damina ta zo ta wuce ina kan kwandon. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙarfen narka dalma da ake ɗorawa a garwashi in an ɗauke wuta, mita mai allura, madubin ƙara girma da ya tsage, da gashin kaza na share ƙura. Amma yana da wata doka guda da ba ya ɗagawa. In mutum ya kawo rediyo da kaset a ciki, kafin ka taɓa komai sai ka ciro kaset ɗin ka karya ɗan harshen nan na bayansa, wanda in babu shi ba za a iya ɗaukar wani sauti a kansa ba. Yakan ce rediyon ana sayen wani a kasuwa, muryar da ke cikin kaset ɗin kuwa mai yiwuwa mai ita yana maƙabarta. Ban taɓa ganin ya bugi ɗan koyo ba, amma na ga ya kori ɗan ƙanwarsa saboda ya gwada maɓallin ɗaukar sauti a kan kaset ɗin mutane.

Da kwamfutoci suka shigo gari na ɗauki dokar na kai ta kansu. Disket yana da ɗan rami a kusurwa, da wata 'yar ƙofa mai zamewa. In ramin a buɗe yake, injin zai karanta abin da ke ciki amma ba zai iya gogewa ko rubutawa ba. Madam tana da disket guda wanda duk aikinta ya dogara a kansa, shi ne mai ɗauke da manhajar da ke sa injin ya yi magana da modem, ɗan akwatin da ke haɗa shi da layin waya. Wannan ban tsaya ga buɗe ramin ba. Na sa tsinken turnabis na ɓalle 'yar ƙofar gaba ɗaya na jefar, don kada wani ya rufe ta bisa kuskure. Ku riƙe wannan, za mu zo kansa.

Shekarar da Rood Woko ta ƙone ina da rumfa a ciki. Ba zan tsaya kwatanta wutar ba, iyayenku sun gani. Abin da ya shafi labarin nan shi ne abin da ke cikin akwatunana: modem iri-iri, igiyoyi masu baki tara da masu baki ashirin da biyar, injunan karanta disket na tsofaffin kwamfutoci, da kwafin kowace manhaja da ta taɓa ratsa hannuna, har da ta Madam. Da aka bar mu muka shiga, na tarar da su sun zama dunƙule guda baƙi, kamar kwalta. Na dawo Zongo na kama wannan shagon da turnabis biyu da mitar Maigida Hamidu da ya bar mini gado. Na ɗan farfaɗo da aikin gidajen siber, masu kwamfuta goma a kan layin waya ɗaya, inda ɗalibi zai biya awa guda ya ƙare rabinta yana jiran shafi ya buɗe. Sai salula ta zo ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Masu su suka sayar da kayan a kilo. Na tsaya ina kallo ana ɗora injuna masu rai a amalanke tare da tsofaffin tukwane, babu wanda ya tambaya ko akwai abin wani a ciki.

Duk wannan zamanin injin Madam yana aiki. Ɗiyarta Mariama ta tafi karatu Lyon a Faransa ta zauna can, aikin kwamfuta take yi. Kullum da hantsi Madam za ta kunna tele da injin, ta buga umarni, modem ya yi kukansa mai kama da na kyanwa da aka taka wa wutsiya, sai saƙon Mariama ya fito, rubutu zalla, manyan haruffa farare a kan baƙi. A lokacin ne idonta ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Yanzu duniya take gani kamar ta cikin kara mai rami, abin da ke gabanta kaɗai, shi ma in yana da girma da haske. Haruffan injin nan kuwa kowanne ya kai ƙwayar gyaɗa a kan tele. Rubutu kuma ba ta buƙatar ido, yatsunta sun haddace madannan.

Kada wani ya ce mini me ya sa ba a saya mata sabon abu ba. An saya. Mariama ta aiko da allon nan na shafawa, Madam ta shafa ta ce gilashi ba shi da wurin da yatsa zai gane inda yake. Aka aiko da kwamfutar ɗauka, aka ƙara mata girman rubutu, ta fara sabawa, sai wata safiya injin ya sabunta kansa ya kwashe komai daga inda ta san shi. Ta rufe shi ta ce ita ba ta zama da ɗan hayar da ke gyara mata ɗaki ba izini.

Sai layin waya ya mutu. Ana aikin hanya aka tsinke igiyar unguwar, ba a maido ta ba, kuma da na bincika aka ce ko an maido, lambar da modem ke bugawa an daɗe da shirin rufe ta. Ba a ce da kowa komai ba. Injin ya buga, shiru ya amsa.

Madam tana zaune ne a gidan ƙanenta Alhaji Bubakar, gida mai cike da mutane. Bangon ɗakinta bai kai rufi ba, in ta yi tari ana yi mata sannu daga ɗaki na uku. Don haka maganar waya a wurinta wa'azi ne ga jama'a. Saƙonnin Mariama suka koma zuwa salular Rakiya, ɗiyar Alhaji, ita kuma ta karanta su a tsakar gida da murya mai daɗi, har da sharhi. Ba mugunta take yi ba, gani take taimako ne. Ba a daɗe ba saƙonnin suka ƙanƙance, suka koma gaisuwa da muna lafiya. Madam ta faɗa mini daga baya, a taƙaice kamar yadda take faɗin komai: "Ɗiyata ba ta rubuta mini muna lafiya sai in ba lafiya. Kuma ba zan tambaye ta da bakin Rakiya ba." Abin da ke kan tebur ke nan. Ba wasan tsofaffin kaya muke yi ba irin na nasaran cikin wayarku.

Mariama ce ta samo hanya. Bari in bayyana muku ita a hankali, tunda hoton naku ya tsallake wurin. Tsohon injin bai san intanet ba, kuma ba zai taɓa saninta ba. Abu guda ya sani, magana da modem. Zai ce AT, modem ya amsa OK. Zai ba shi lamba ya ce buga, modem ya buga, in an ɗauka ya ce CONNECT. To sai aka rubuta wata manhaja mai kwaikwayon modem, a sa ta a wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, mai kama wifi. Tsohon ya ce AT, ta ce OK, kamar ita ce. Ya ce buga lamba, ba ta buga komai, sai ta bi ta intanet ta ƙwanƙwasa wa injin da Mariama ta ajiye a gidanta, ta dawo ta ce CONNECT. Shi tsohon yana nan yana zaton layin waya yake kai. Ƙarya ce ake yi masa daga farko har ƙarshe, kuma kamar kowace ƙarya, sai an san wanda ake yi wa ita sosai kafin ta shiga.

Mariama ta aiko da 'yar kwamfutar ta hannun wani matafiyi, bayanin kuma ta tura wa Karim, yayan Rakiya. Ni ba a kira ni ba. An ce ina da jan aiki, ga kuma gwani a gida. Karim ba yaro ba ne, yana da mata da ɗa, yana da rumfar gyaran salula kusa da kasuwa. Zan faɗi gaskiyarsa: hannunsa na da kyau. Na ga ya canza gilashin waya yana cinikin wata da baki. Amma sana'arku magani guda ta koya muku. Waya ta yi nauyi, a goge ta. Ta ƙi kunnuwa, a goge ta. Mai ita ya manta lambar sirri, a goge ta. Hotunan biki da muryar kaka su tafi, ku ce wa mai kayan ai da ma ya kamata ya ajiye kwafi.

Da aka aiko a kira ni, na tarar da Madam a kujerarta, tele a kunne, babu komai a kai sai ɗan haske mai ƙiftawa. Karim yana tsaye yana juya makullin mobilet a yatsa.

Ya ce, "C'est rien, Tonton, ƙaramin abu ne. Na haɗa komai daidai, ya ƙi amsawa, sai na ce bari in sake masa manhajar."

Na ce, "Ba ni disket ɗin."

Na juya shi. An liƙe ramin nan da baƙin sikoci, tef ɗin nan mai manne, an yanke gefensa tsaf, aiki mai tsabta.

"Wa ya liƙe wannan?"

"Ni ne. Na ba shi umarnin format na goge disket ɗin, ya ƙi, sai na bincika na ga ramin ne ke hana shi."

"Ka bincika."

"Eh, Tonton."

"Injin ya ce maka a'a. Wani ya bi ya ɓalle ƙofar don ya ce maka a'a. Kai kuma ka zauna ka yi bincike a kan yadda za ka fi su wayo."

"Na zaci birus ne ya kama shi."

"Birus. A injin da ya girme ka, wanda bai ga baƙon disket ba tun kafin a yaye ka. Ta ina ya shigo, ta taga?"

Ya ce ai Mariama ta samo kwafin manhajar wurin masu sha'awar tsofaffin injuna, tana cikin wayarsa, ya ari na'urar disket ta zamani don ya maida ta, sai na'urar ta ƙi. Na ce dole ta ƙi, ba yarensu ɗaya ba. Irin na'urar da ke rubuta wa injin nan disket ina da su, suna cikin dunƙulen kwaltar Rood Woko. Kwafi na biyu da na yi wa Madam da injinta bayan gobara kuwa zafi ya daɗe da cinye shi. Wato ga manhaja a wayar Karim, ga injin a kan tebur, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba, kuma ƙofar da za ta shiga ita ce wadda ya goge.

Madam ta ce, "Isufu, bar yi masa darasi, ni ce malama a ɗakin nan. Zai yiwu ko ba zai yiwu ba?"

Na ce, "Ban sani ba, Madam."

Ta ce, "Amsa mai kyau. Karim bai taɓa ba ni irinta ba."

Alhaji Bubakar ya leƙo daga ƙofa da carbi a hannu. Ya ce, "Yaya, ki bar akwatin nan ya huta mana. Masu sayen ƙarfe suna wucewa kullum. Ga Rakiya tana karanta miki, me za a ɓoye a gida ɗaya?"

Ba ta ko juya ba. Ta ce, "Bubakar, ranar da na fara karanta naka saƙonnin a tsakar gida sai ka sake yi mini wannan tambayar."

Ya ja carbinsa ya tafi, amma na san maganar masu ƙarfe ba ta tafi tare da shi ba. In na kasa, gidan zai yanke hukunci cikin ladabi, kuma a ce don hutunta aka yi.

Ramin kaset ne ya cece mu. Kafin disket, injunan nan da kunne suke karɓar manhaja. Ana juya ta ta zama sauti, wani ƙugi mai kaifi, a kunna a rediyo, injin ya saurara ya haddace. Na sa Karim ya rubuta wa Mariama ta juya mana manhajar ta koma sauti. Na zauna a shago na haɗa igiya da dalma, baki guda na shiga salula, ɗayan na shiga bayan injin. Tawa wayar mai madannai ce, ba ta iya wannan, dole muka yi da ta Karim. Sautin yana ɗaukar kamar tsawon cin tuwo a natse, kuma in wani abu ya ratsa shi ko na ƙiftawar ido ne, sai a koma farko. In ƙarar ta yi ƙasa injin ba ya ji, in ta yi sama ya ruɗe. Babu littafin da zai gaya maka daidai, sai ka yi ta gwadawa.

Cikin zafin bazara muka yi wannan aiki, a ɗakin da ba mu kunna fanka ba don kada wutar ta yi rawa. Mun samo daidan ƙarar, mun yi nisa, sai saƙo ya shigo wayar da 'yar ƙararrawarsa. Injin ya rubuta kuskure. Muka koma farko. Muka yi nisa, aka ɗauke wuta. Washegari muka dawo, wani da ya bar waya a rumfar Karim ya kira yana neman kayansa. Na ce, "Karim, ka rufe mata baki gaba ɗaya, irin yadda ake yi a jirgin sama."

Ya ce, "Tonton, kwastomomina za su zaci na gudu da wayoyinsu."

Na ce, "Bari su zata. Kai ma ka ɗanɗana yadda ake ji in ana nemanka ba a samu."

Ya rufe ta, yana kallonta kamar an kwantar da ɗansa asibiti. Muka sake kunnawa. Ƙugin yana tafiya lafiya, ina kallon allon, gumi na ɗiga daga haɓata, saura kaɗan. Sai ladanin da ke cikin wayar ya ɗaga murya da kiran la'asar. Ashe shi ba ruwansa da jirgin sama. Injin ya rubuta kuskure.

Na buɗe baki, Madam ta ce, "Wannan dai ba za ka zage shi ba, Isufu."

Muka tashi muka yi alwala. Da muka dawo daga masallaci na sa shi ya kashe duk wani abu mai murya a wayar, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye a kansa. Wannan karon ya shiga. Manhajar ta fito a tele da tsohuwar fuskarta. Ban bari kowa ya yi numfashi ba sai da na maida ta cikin disket ɗin, kuma liƙin Karim ne ya ba ni damar rubutawa, wannan na yarda. Ina gamawa na ɓare sikocin na manna masa a bayan hannu. Bai cire ba har muka rabu.

Sai muka zo kan abin da ya hana aikin tun farko, wanda saboda shi aka goge disket ɗin da ba shi da laifi. Karim ya ɗauki igiyar tsohon modem ya haɗa injin da 'yar kwamfutar. Da ido daidai take, bakin ya shiga. Amma a cikin igiyar akwai zare na magana da zare na saurare. Modem na gaskiya an gina shi yana saurare ta inda injin ke magana. Ita 'yar kwamfutar kuwa kwamfuta ce kamarsa, don haka su biyun suna magana ta zare ɗaya, suna kasa kunne ta ɗayan inda babu mai cewa komai, kamar taron siyasa. Na sa mitar Maigida Hamidu na nuna masa, allura ta motsa a nan, ta kwanta a can. Na kwance bakin igiyar, na musanya zare na biyu da na uku, na ɗiga dalma. Aikin bai kai shan ruwa ba. Na buga AT.

Abin da ya fito tarkace ne, alamomi da baƙaƙen da babu su a kowane yare. Na tambaye shi a wane gudu ya sa manhajar. Ya ce mafi sauri, tunda akwai shi. Na ce wa ya gaya maka tsoho yana jin maganar mai sauri? Na yi ta rage gudun har ya sauko daidai da abin da injin ya saba ji daga tsohon modem ɗinsa. Na sake buga AT. Ya ce OK.

Karim ya ce, "Shi ke nan? Zare biyu?"

Na ce, "Zare biyu, da mita, da haƙurin tambayar injin abin da ke damunsa kafin a yanka shi. Da ka zo shagona ranar farko da mun gama kafin shayi ya huce, Tantinka kuma ba ta yi makonni tana jin ɗiyarta ta bakin mutane ba."

Ban sani ba ko ya ji. Na ji an ce har yanzu yana goge wayoyin mutane, sai dai yana tambaya tukuna, wanda a sana'arku ci gaba ne babba.

Ban gwada kiran Lyon ba. Wannan ba nawa ba ne. Na ɓoye 'yar kwamfutar a bayan tele, na ɗaure igiyoyin yadda tsintsiya ba za ta ja su ba, na haɗa ta da wifi ɗin gidan, na shirya ta yadda tsohuwar lambar da yatsun Madam suka sani ita ce za ta kai ta wurin Mariama. Ba sai ta koyi sabon abu ko ɗaya ba. Wannan ma hoton naku bai nuna ba, don nasaran ba shi da wanda zai yi wa aikin sai kansa.

Da hantsi na dawo. Labari ya zaga gidan, ɗakin ya cika: Alhaji, Rakiya da goyonta, Karim, har da maƙwabciya da ta zo aron turmi ta manta da shi. Madam ta ja kujera har hancinta ya kusa taɓa tele. Ta ɗora yatsu, ta buga umarnin ba tare da ta duba ba, ta danna. Ta karkata kai tana jira.

Ta ce, "Bai yi kuka ba."

Na ce, "Wannan ba ya kuka, Madam."

"To ta yaya zan san ya shiga?"

"Zai rubuta miki."

Ta matsa kusa. CONNECT ya fito. Sai haruffa suka fara zubowa daga hagu zuwa dama, a hankali, layi bayan layi, kuma ba gaisuwa ba ce mai layi biyu, allon ya cika yana neman ƙari. Na juya fuskata ga bango. Rakiya ta miƙa wuya ta ce, "Tanti, in karanta miki?"

Madam ta ɗora tafin hannu a kan tele ta rufe rubutun. Ta ce, "Ku fita. Dukanku. Isufu, ja ƙofar."

Muka fito tsakar gida muka zauna a inuwa. Aka kawo zomkom, ruwan garin gero mai sanyi, a kwano. Muka daɗe muna jira, har maƙwabciyar ta tuna da turminta ta tafi. Can sai madannan suka fara ƙara, da sauri, babu tsayawa, ana jin su ta saman bangon nan da bai kai rufi ba. Kowa na jin ana magana, babu mai jin abin da ake faɗa. Alhaji ya saurara, ya gyara zama, ya saurara kuma. Da abin ya ishe shi ya matso kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, "Malam Isufu, kai da ka tsaya kusa, me Mariama ta ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Alhaji. Aikin da aka kira ni in yi ke nan."